Ƙwaƙwalwar Na'ura: Abin da Ke Sa Uwar Garke da Salula Su Yi Nauyi

Wataƙila kun taɓa tsayawa a bakin tagar wani ofishi a Tanut ko Belbeji domin aika kuɗi ko karɓar takarda, sai ma'aikaci ya ce muku ku yi haƙuri, na'ura ta yi nauyi. Ku zauna, rana ta take, motar ƙauyenku ta tashi ta bar ku. Wani lokaci laifin rezo ne, wani lokaci wuta ce ta ɗauke. Akwai kuma dalili na uku da ba a cika bayyana wa jama'a ba, shi ne cikar ƙwaƙwalwar na'ura. Dalilin nan ne kuma yake sa salular da ke aljihunku ta riƙa tsayawa cik. Wanda ya fahimce shi ba zai kashe kuɗinsa a kan maganin da ba na cutar ba.

Mece ce uwar garke?

Uwar garke kwamfuta ce da ke yi wa wasu na'urori hidima. Masu gyara suna ce mata saba. Ita ke riƙe da rajista, ita ke amsa tambayoyin da sauran kwamfutoci da wayoyi suke aiko mata. Tana iya kasancewa a ɗakin da ke kusa da ku, ko a Damagaram, ko Yamai, ko ma wata ƙasa. Idan kuka aika saƙon WhatsApp, sai ya bi ta kan irin waɗannan na'urori kafin ya kai ga mai shi. Ba ta hutawa dare da rana, kuma idan ta gaza, duk waɗanda suka dogara da ita sun tsaya. Uwayen garke da yawa a duniya suna aiki da tsarin Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a shekarar 1991. Tsarin Android na wayoyin Tecno, Itel, Infinix da Samsung ma a kan Linux aka gina shi. Saboda haka salularku da uwar garke ƴan gida ɗaya ne.

Tabarma da mangaza

Kowace kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu, kuma rikita su ne tushen kuskuren mutane da yawa.

Ku dubi ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Tanut. Yana da tabarma a gabansa, inda ya baza abin da ake ciniki yanzu. Yana kuma da mangaza a can bayan kasuwa, inda buhuna suke jibge. Tabarma ƙarama ce, amma duk abin da ke kanta hannu kawai zai miƙa. Mangaza babba ce, amma sai an aiki yaro, ya buɗe ƙofa, ya nemo, ya dawo.

Tabarmar ita ce ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram. Duk manhajar da aka buɗe, a nan take zama. Mangazar ita ce ma'ajiya, wato faifan kwamfuta ko wurin da hotuna da waƙoƙi suke zama a salula. Abin da ke ma'ajiya yana nan ko an kashe na'ura. Abin da ke ƙwaƙwalwar aiki kuwa kamar rubutun alli ne a allon aji: da wuta ta ɗauke, an goge shi ke nan.

Ana auna su biyun da mudu ɗaya. Ƙaramin ma'auni shi ne bayit, kuma bayit ɗaya yana ɗaukar harafi ɗaya kamar a ko b. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu bayit 2 yake ci. Bayit 1024 su ne kilobayit ɗaya, kilobayit 1024 su ne megabayit ɗaya, megabayit 1024 su ne gigabayit ɗaya, wanda ake taƙaitawa a ce giga. Idan an rubuta a kwalin waya giga 3 da giga 64, ƙaramin adadin shi ne tabarma, babban shi ne mangaza.

Wurin musaya

To, idan tabarma ta cika kuma ga sabon kaya ya zo fa? Ɗan kasuwa mai hankali sai ya dubi abin da aka daɗe ba a tambaya ba, ya ba yaro ya kai wata kusurwa ta mangaza da ya keɓe domin haka. In an tambaya, a ɗauko, a kai wani a madadinsa. Wannan kusurwa ita ce wurin musaya, masu gyara suna ce mata suwap. Na'ura tana yanka ƙwaƙwalwarta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma yawanci shafi ɗaya kilobayit 4 ne. Shafi-shafi ake kaiwa, shafi-shafi ake dawowa da su. Dabarar tsohuwa ce. An fara aiki da ita a wata kwamfuta mai suna Atlas, wadda aka ƙaddamar a jami'ar Manchester ta ƙasar Ingila a shekarar 1962. A kwamfuta mai tsarin Windows ma akwai ta, a cikin wani fayil mai suna pagefile.sys.

Dabarar tana da amfani, amma tana da tsada, kuma tsadar lokaci ce. Faifai mai juyawa ya fi ƙwaƙwalwar aiki jinkiri kamar sau 100,000. A ce ɗauko abu daga tabarma daƙiƙa ɗaya yake ci, to ɗauko shi daga irin wannan faifai zai ci fiye da kwana guda cur. Faifan zamani da ba ya juyawa, wanda ake kira SSD, ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma a wannan lissafi shi ma zai ci wajen rubu'in awa.

Ga inda matsala take. Idan kayan da aka kai kusurwa ba wanda ke nemansu, babu laifi ko da kusurwar ta cika rabi. Ɗan kasuwa yana cinikinsa lafiya. Amma a ranar da masu saye suka yi yawa, kowa yana neman abu dabam, tabarma kuma ba ta isa ba, sai yaro ya kai sukari ya ɗauko shayi, kafin ya zauna an sake tambayar sukari. Yini guda yana zirga-zirga, ciniki bai gudana ba. Haka na'ura take yi: fitilar faifai tana ta ƙyaftawa, fanka tana kuka, amma aiki ya tsaya. Wani masani ɗan Amurka, Peter Denning, ya yi bayanin wannan hali a shekarar 1968, kuma sunan da aka ba shi da Turanci tushensa ɗaya da kalmar sussuka. Mutumin Damargu ba ya bukatar a yi masa bayanin sussuka, sai dai wannan sussukar ba ta fid da tsaba.

Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tabarma ta cika, kusurwa ma ta cika, tsarin Linux yana da mataki na ƙarshe. Yakan zaɓi manhaja ɗaya, yawanci wadda ta fi cin wuri, ya kashe ta da ƙarfi domin sauran su rayu. Abin takaici, a uwar garke wadda ta fi cin wuri sau da yawa ita ce mai riƙe da rajista. Aikin da ba a riga an adana ba yana iya salwanta, ko sunayen waɗanda aka rubuta a ranar ne, ko lissafin bankin hatsi.

Abin da mai kula da uwar garke zai duba

Ba lalle ne ku za ku taɓa na'urar ba. Amma idan ƙungiyarku ko cibiyarku tana da ita, ya kamata ku san abin da za ku tambayi mai gyara kafin ku biya shi.

Da fari zai rubuta umarnin free -h. Na'ura za ta nuna jimillar ƙwaƙwalwa, da abin da aka ci, da abin da ya rage. A nan mutane da yawa suke firgita a banza. Linux ba ya barin tabarma fayau. Duk wurin da ba kowa, yakan aza kayan da yake zaton za a nema, kuma yakan janye su nan take idan an bukaci wurin. Saboda haka adadin da ke ƙarƙashin kalmar free yana iya zama kaɗan alhali lafiya lau. Adadin da ke ƙarƙashin available shi ne na dubawa.

Daga nan zai rubuta vmstat 5, wanda ke ba da rahoto duk bayan daƙiƙa 5. Akwai layuka biyu, si da so, masu nuna abin da ke dawowa daga wurin musaya da abin da ke tafiya can. Idan sifiri ne, yaro yana zaune, babu damuwa. Idan adadin yana da yawa kuma bai sauka ba, ana cikin sussuka. A ganina wannan gwaji ya fi dukkan sauran muhimmanci, domin yawan abin da ke kusurwa ba ya nuna cuta, zirga-zirgar ce take nuna ta.

Sai a nemo mai laifi. Umarnin top, idan aka danna babban harafin M, yana jera manhajoji daga mai yawan ci zuwa mai ƙaranci. A Windows ana danna Ctrl da Shift da Esc tare a ga irin wannan jeri. Wata manhaja tana cin wuri ne domin aikinta yana da yawa. Wata kuwa tana da aibi: tana aron wuri ba ta mayarwa, kamar maƙwabcin da ke aron ƙwarya kullum bai taɓa dawo da ko ɗaya ba. Alamarta ita ce cinta yana ƙaruwa kwana bayan kwana ko da aiki bai ƙaru ba. Kashe ta a sake kunnawa yana kawo sauƙi na ɗan lokaci. Maganin gaskiya shi ne a sabunta ta ko a gyara saitinta, a kuma ƙayyade mata iyakar abin da za ta ci.

Akwai wani saiti mai suna vm.swappiness, wanda ke nuna saurin na'ura wajen kai kaya kusurwa. Yawanci yana zuwa a kan 60. Masu kula da uwar garke mai riƙe da rajista sukan sauke shi zuwa 10. Yana taimakawa, amma ba ya faɗaɗa tabarma ko da taƙi ɗaya. Haka nan kada ku yarda a rufe wurin musaya da umarnin swapoff sai an tabbata ƙwaƙwalwar da ta rage za ta ɗauki duk abin da ke cikinsa, in ba haka ba na'ura za ta shaƙe nan take. Game da girmansa, shawarar kamfanin Red Hat ita ce: idan ƙwaƙwalwar aiki ba ta wuce giga 2 ba, wurin musaya ya ninka ta sau 2, daga nan zuwa giga 8, su zama daidai, sama da haka, aƙalla giga 4.

Idan an yi duk wannan zirga-zirga ba ta daina ba, to aikin ya fi ƙarfin na'urar. Sai a ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki ko a rage mata kaya. Ƙara girman wurin musaya kaɗai tamkar faɗaɗa mangaza ne alhali tabarma ce ta yi kaɗan.

A ƙasarmu kuma a tuna da zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa kafofin iska takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone. A share ta tukuna kafin a zargi ƙwaƙwalwa.

Salular da ke hannunku

A shekarar 2009, lokacin da ƙungiyar CRS da masu bincike na jami'ar Tufts suka fara shirin ABC na koyar da manya karatu da taimakon salula a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, ƙananan wayoyi masu maɓalli aka yi aiki da su, na kira da gajeren saƙo. Waya mai shafawa kuwa kwamfuta ce sosai, kuma cutar uwar garke tana kama ta.

Android yana da tasa dabarar. Idan wuri ya ƙure, yakan matse kayan da ba a nema ya ɗaure su tamau a gefen tabarmar kanta, in bai isa ba ya rufe manhajojin da ke baya. Shi ya sa idan kuka bar wata manhaja kuka dawo, sai ku ga ta fara daga farko.

Katin memori yana ƙara mangaza ne kawai. Zai ba ku wurin hotuna da karatu da waƙoƙi, amma ba zai sa waya mai ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki ta yi sauri ba, komai abin da mai shago ya faɗa. Haka kuma idan kuka ga an rubuta 4+4 ko 8+8 a kwali, adadin farko ne na gaskiya. Na biyun galibi aro ne daga ma'ajiya, wato wurin musaya da aka yi wa sabon suna. Ku yi ciniki a kan adadin farko.

Manhajojin da ke alkawarin wanke waya ko ƙara mata gudu, yawancinsu su ma zama suke yi a kan tabarmar, suna kawo tallace-tallace. Abin da ya fi shi ne ku cire manhajar da ba ku aiki da ita, ku zaɓi ƙananan iri kamar Facebook Lite, wanda aka fitar a 2015 domin wayoyi marasa ƙarfi, ku kuma kashe wayar ku kunna lokaci-lokaci. Ma'ajiya ma kada ta cika maƙil. Ku shiga saitin WhatsApp ku hana shi sauke bidiyo da kansa, ku share waɗanda aka turo muku sau uku daga zauruka dabam-dabam. Kafin ku ba wani wayarku ya share, ku ce ya kwafe muku lambobin mutane da hotunan takardunku a kati ko a wata waya, ku kuma gani da idonku cewa sun shiga.