Daga Sule Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kuɗin Mota a Birnin Landan

Ran 4 ga watan Yuli na shekarar 1829 wani mutum mai suna George Shillibeer ya fito da wata doguwar karusa wadda dawaki uku ke ja, ya shiga jigilar mutane tsakanin unguwar Paddington da tsakiyar birnin Landan. Kuɗin tafiya sule guda ne, hannu da hannu ake miƙa wa kwandasta. Tun daga wannan rana masu sufurin birnin suke fama da matsala ɗaya, watau yadda za a karɓi ɗan kuɗi kaɗan daga hannun ɗimbin jama'a cikin hanzari, ba tare da ya zurare a hanya ba.

Zurarewar kuwa ba kaɗan ba ce. Shekaru da dama ana tafiya babu tikiti, kwandasta ya karɓa ya zuba aljihu, da maraice ya kai wa kamfani abin da ya ga dama. Cikin 1891 babban kamfanin nan na London General Omnibus ya shigo da tikitin takarda. Da ma'aikata suka ga an toshe musu wannan kafa ta samu, sai suka tafi yajin aiki. An rage musu sa'o'in aiki, amma tikiti ya zauna daram.

A ƙarƙashin ƙasa ma, inda aka buɗe layin dogo na farko cikin 1863, tikitin takarda ne ya yi mulki fiye da shekara ɗari: malami yana sayarwa ta taga, wani yana dubawa a bakin ƙofa. Sa'ad da aka buɗe layin Victoria cikin 1968 ne aka yawaita ƙofofi masu buɗe kansu, waɗanda ke karanta tikiti mai shafen maganaɗisu a bayansa. Cikin 1983 kuma aka fito da Travelcard, tikiti guda wanda mutum zai shiga bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da shi.

Sabon salo ya fito ne daga gabashin Asiya. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya soma aiki da kati mai ƙwaƙwalwa cikin 1996, Hong Kong ta biyo baya da katin Octopus cikin 1997. Landan ta fito da nata mai suna Oyster cikin 2003. Mutum yakan zuba kuɗi a katin tun da wuri, in ya zo ƙofa ya ɗora shi bisa wani faifai rawaya, na'ura ta cire kuɗin tafiya nan take. Daga 2005 aka sa iyaka ga abin da za a cire a yini guda, ko sau nawa mutum ya hau. Layin sayen tikiti ya ragu ƙwarai, jama'a suka rungumi katin.

Amma fa katin yana da nasa nauyi. Hukumar sufurin Landan ta wayi gari ta zama tamkar ɗan canji: tana karɓar fam na Ingila, tana juya shi zuwa wani kuɗi nata na kanta wanda ba ya sayen kome sai tafiya. Tilas ta buga katuna, ta girke injunan zuba kuɗi, ta biya masu kantuna la'ada. Baƙon da ya sauka a Heathrow sai ya bi layi ya sayi kati tukuna, in ya koma ƙasarsa kuma sauran kuɗinsa ya kwanta a ciki. Ta haka miliyoyin fam suka taru a katunan da aka daina amfani da su. A wancan lokaci wajen kashi 14 cikin 100 na kuɗin da hukumar ke samu daga fasinja yana tafiya ne wajen aikin karɓar kuɗin kansa.

Ana cikin haka, cikin 2007, bankunan Ingila suka soma ba da katin da ake biya da shi ta hanyar ɗorawa kawai. Sai hukumar ta ga babu dalilin ba mutum kati na biyu alhali kuwa ga na banki a aljihunsa. Abubuwa biyu suka tsaya mata. Na fari, ƙofar tasha ba ta jira. In ta wuce rabin daƙiƙa ba ta buɗe ba, cunkoso ya tashi, kuma ba a iya tuntuɓar banki cikin wannan ɗan lokaci. Na biyu, sa'ad da mutum ke shiga ba a san inda zai sauka ba, balle a san kuɗinsa. Dabarar da aka yi ita ce a mai da lissafi daga kati zuwa babbar kwamfutar hukumar. Ƙofa takan tabbatar katin na gaskiya ne ta buɗe, bayan yini ya ƙare a haɗa tafiye-tafiyen a ciri kuɗi sau ɗaya. Katin da aka tarar babu kuɗi a cikinsa sai a hana shi shiga har ya biya bashinsa.

An soma da bas-bas cikin Disamba 2012. A watan Yuli na 2014 direbobin bas suka daina karɓar tsabar kuɗi, a watan Satumba kuma tsarin ya shiga jiragen ƙarƙashin ƙasa. Wayar hannu ma ta soma yin aikin kati. Ɗawainiyar karɓar kuɗi ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin 100. Cikin 2016 hukumar ta sayar wa kamfanin Cubic izinin kai fasahar wasu birane. New York ta Amurka ta kafa irinta mai suna OMNY cikin 2019, sa'an nan ta tsai da ƙarshen 2025 domin daina sayar da tsohon katinta na MetroCard. Ƙasar Holan kuwa cikin 2023 ta buɗe dukan jiragenta da bas-bas ga katin banki.

Duk da haka, ba kowa ne sauyin ya yi wa daɗi ba. A watan Janairu na 2024 hukumar sufurin Singafo ta sanar za ta janye tsofaffin katunan manya, jama'a suka yi ca, domin sabon tsarin ba ya nuna wa mutum a bakin ƙofa abin da aka cire da abin da ya saura. Kafin mako biyu ya cika gwamnati ta janye maganar. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke ƙirga kwabonsa kullum safiya, wannan ɗan rubutu na bakin ƙofa shi ne lissafin guzurinsa.

A Ingila ma, cikin 2022, akwai wajen mutum miliyan ɗaya manya waɗanda ba su da asusu a banki, ga kuma yara da tsofaffi masu rangwame da sababbin baƙi. Akwai kuma masu ƙyamar a ce banki da kamfanin waya sun san duk inda suka sa ƙafa, tun da yake Oyster ana iya sayensa da tsaba ba tare da ba da suna ba. Saboda waɗannan dalilai Landan, wadda ta buɗe wannan hanya, ta bar Oyster yana aiki kafaɗa da kafaɗa da katin banki, New York ma ta tanadi katin OMNY da ake zuba wa tsabar kuɗi. Kwandastan Shillibeer bai tambayi kowa sunan bankinsa ba, sule kawai yake nema, kuma biranen da ke sauya tsari yau tilas su nemi yadda mai riƙe da sule kaɗai zai sami wurin zama a mota.