Masu Da'awar Mahadi da Annabi Isa a Ƙasar Sakkwato da Gwandu

Musulmi da Kirista sun haɗu a kan jiran komowar Isa ɗan Maryamu, wanda Kirista ke kira Yesu Almasihu, kuma kowane ɓangare an gargaɗe shi da maƙaryatan da za su riga shi bayyana. A wajen malaman Musulunci al'amarin yana da jeri: Mahadi ya fito ya cika ƙasa da adalci, Dujal ya biyo baya da fitinarsa, sannan Annabi Isa ya sauko ya kashe Dujal. A wajen Kirista kuwa, sura ta 24 ta Linjilar Matiyu ta faɗa cewa za a yi almasihan ƙarya da annabawan ƙarya masu nuna alamu da al'ajabai, kuma ta hana a bi wanda aka ce yana cikin jeji ko yana ɓoye a ɗaki, domin zuwan na gaskiya ba zai ɓuya ga kowa ba.

Littafi Mai Tsarki bai tsaya ga gargaɗi ba, ya ba da ma'auni. Maimaitawar Shari'a ta ce annabin da maganarsa ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, kuma wanda ya yi al'ajabi amma ya ja mutane zuwa wani abin bauta, shi ma a ƙi shi. Wasiƙar Yahaya ta fari ta yi umurni a gwada ruhohi kafin a gaskata su. A Ayyukan Manzanni sura ta 5, malamin Attaura Gamaliyel ya tuna wa majalisar Yahudawa da Tudas da Yahuza Bagalile, waɗanda suka tara jama'a, aka kashe su, mabiyansu suka watse. Shawararsa ita ce a bar sabuwar da'awa, in ta mutum ce za ta rushe da kanta. Masu mulki ba su cika jin wannan shawara ba. Bar Kokba, wanda wasu Yahudawa suka ɗauka Almasihu, takobin Romawa ne ya yanke masa hukunci a shekarar 135.

A ƙasar Hausa, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya gamu da wannan tambaya a kan kansa. Da jihadi ya yi nasara, har Birnin Kabi ya faɗi a hannun ƙanensa Abdullahi a 1805, mutane da yawa suka riƙa cewa ai shi ne Mahadi. Shehu ya musanta, kuma hanyar da ya bi ta lissafi ce: ya jera siffofin Mahadi kamar yadda suka zo a hadisai, nasaba da wurin haihuwa da sauransu, ya nuna ba su dace da shi ba, tunda a Maratta aka haife shi, ba a Madina ba. Lokacin da wani mai suna Hamma ya yi da'awar Mahadi a cikin Abzinawa wajen 1813, wannan ma'auni aka ɗora masa, kuma Shehu ya rubuta gargaɗi ga 'yan'uwa a kan masu irin wannan iƙirari. Sai dai bai taɓa musun cewa lokacin ya kusa ba. Wannan jira ya zauna a zukatan jama'a har ƙarshen ƙarni, ya ƙara ƙarfi da shigowar shekara ta 1300 ta Hijira da bayyanar Muhammad Ahmad a Sudan a 1881, wanda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi wa mubaya'a.

Zuwan Turawa ya cike gurbin da ya rage a cikin jerin. Sarkin Kabin Argungu Sama'ila, wanda gidansa ya daɗe yana yaƙi da Gwandu da Sakkwato, ya karɓe su a 1902. Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a cikin wannan shekara. Ga talaka mai bin lissafin ƙarshen zamani, abin a fili yake: Mahadi ya riga ya zo, Nasara su ne rundunar Dujal, saura Isa. Shi ya sa bayan wannan lokaci masu da'awa, daga nan har Sudan, suka fi kiran kansu Annabi Isa.

Satiru ƙauye ne da ke kimanin kilomita 22 kudu da Sakkwato, mazaunin malamai matalauta da manoma da bayin da suka gudu daga gandayen sarakuna. A 1904 shugaban garin, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi, ɗansa Isa kuma shi ne Annabi Isa. Fadar Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ta kama shi, ya mutu a tsare, aka rantsar da mutanensa cewa sun bar zancen. A ƙa'idar malamai magana ta ƙare, domin Mahadi ba ya mutuwa a kurkuku kafin ya cika aikinsa. Amma mutuwar uban ma sai ta zama hujja ga masu son gaskatawa, tunda bayan Mahadi ai Isa ake jira, ga shi kuwa a cikin gari.

Wutar ta taso daga yamma, daga ƙasar Zabarmawa, maƙwabtan Kabawa kuma abokan ƙawancensu na da. A Disamba 1905 wani malami makaho, Saibu ɗan Makaho, ya jagoranci tawaye ga Faransawa a Kobkitanda ta yankin Dosso. Da aka ci su, ya tsallako iyaka ya iso Satiru, inda ya haɗa kai da Malam Isa. A Fabrairu 1906 Satirawa suka auka wa ƙauyen Tsomo da ya ƙi bin su, suka kashe mutane. Ranar 14 ga watan mukaddashin Razdan, Preston-Hillary, ya fita da sojan doki don ya kama shugabannin. Mutanen gari suka taso da gatura da fartanya da kibau, suka tarwatsa rundunar kafin ta daidaita sahu. Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood suka mutu tare da soja 25, Satirawa suka ƙwace bindiga mai jigida. Malam Isa kansa ya samu rauni a wannan rana, ya mutu bayan 'yan kwanaki, wato ma'aunin da ya kayar da uban ya kayar da ɗan.

Abin da ya biyo baya ya wuce hukuncin mai da'awar ƙarya. Ranar 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin, tare da mahayan Sakkwato, ta shafe Satiru. An ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 2,000, aka kwashe mata da yara wajen 3,000 aka rarraba su. An yi wa ɗan Makaho shari'a a Sakkwato aka kashe shi, Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Har a Ofishin Mulkin Mallaka a London an yi ƙorafi a kan yawan jinin. Cewa iƙirarin Malam Isa ɓatacce ne a ma'aunin addinan biyu, wannan ba a jayayya. Amma haraji da bauta da zaluncin da suka tara masa jama'a ba ƙarya ba ne, kuma dubban da aka kashe ba su ne suka yi da'awar ba.

Kwarin Rima ya ji girgizar a fadojinsa. Turawa sun zargi Sarkin Gwandu na lokacin da karkata ga Satirawa, suka tuɓe shi a 1906, suka naɗa Haliru Abdu, kuma a farkon wannan zamani ne mazaunin sarautar Gwandu ya tabbata a Birnin Kabi bayan zamansa a garin Ambursa. Argungu ba ta shiga tawayen ba, Sama'ila ya ci gaba da sarauta har 1915. Darasin da Turawa suka ɗauka shi ne sarakuna ne garkuwarsu, saboda haka suka ƙara ƙarfafa su, suka kuma ƙara taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Wannan na cikin dalilan da suka sa Kiristanci a abin da ya zama Jihar Kebbi a 1991 ya fi kafuwa a kudu, wajen Zuru.

Jiran Isa ya taɓa bin wata hanya dabam. A Kano, a ƙarni na 19, Malam Ibrahim ya riƙa koyar da fifikon Annabi Isa da kusantar komowarsa, ba tare da ya ce shi ne ba. An kashe shi a kasuwa, mabiyansa, Isawa, suka gudu wajen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, wanda ciwon barci ya ɗaiɗaita. Ragowarsu na cikin tushen jama'ar Wusasa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, mai karatu ya samu damar duba ma'aunin da idonsa.

Da'awar almasihanci a cikin Kiristancin Nijeriya ta fi fitowa daga Kudu. Sananniya daga ciki ita ce ta Emmanuel Odumosu na Legas, wanda aka fi sani da Jesu Oyingbo. A 1959 ya ce shi ne Yesu ya dawo, ya tara ɗaruruwan mabiya a unguwa guda suna yi masa sana'o'i. Manyan ikilisiyoyi sun ƙi shi, amma ba a tura masa soja ba. Ya mutu a 1988, jama'arsa ta watse, 'ya'yansa suka shiga shari'ar rabon gado.