Rediyon 'Yan Fashin Teku: Tashoshin Da Suka Yi Waƙa Daga Cikin Jirgin Ruwa

Yau Ingila zan kai ku, shekarar 1964. A lokacin BBC kaɗai ke da izinin buɗe rediyo, kuma waƙoƙin matasa kaɗan take sakawa. Sai Ronan O'Rahilly ya ɗora tasha a kan jirgin ruwa, ya tsayar da shi bayan iyakar mil uku daga gaɓa, inda dokar Birtaniya ba ta kai ba. Radio Caroline ke nan.

Radio London ta biyo baya da Fab 40, jerin waƙoƙi arba'in duk Lahadi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba cinikin faifai kaɗai ake bi ba, tashar ce ke zaɓa. Waƙa kan hau jerin tun kafin ta karɓu a kasuwa.

Ranar 14 ga Agusta 1967, da ƙarfe uku na rana, Radio London ta yi shiru, saboda sabuwar doka ta haramta yi wa jiragen aiki ko ba su talla. Ranar 30 ga Satumba BBC ta buɗe Radio 1, ta fara da shirin Tony Blackburn, tsohon ma'aikacin jiragen.

To, wa ya ci nasara? Ina jiran ra'ayinku. Sai mako mai zuwa.