Daga Dandali zuwa Filin Ƙwallo: Tarihin Riƙon Filayen Wasa a Birnin Zazzau

Gabatarwa

Ƙofar Kuyambana tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Zazzau. Tana fuskantar yamma, wajen Dutsen Kufena, kuma ta samo sunanta ne daga ƙasar Kuyambana, wadda hanyar da ta fita ta cikinta take nufa. A zamanin da, wanda ya shigo birni ta irin wannan ƙofa ba nan take yake tarar da gidaje ba, domin kuwa waɗanda suka gina ganuwa sun kewaye fili mai yawan gaske wanda ya fi ƙarfin mazaunan garin, saboda a sami wurin noma da kiwo idan abokan gaba suka yi wa birni zobe. Baturen nan mai yawon bincike, Kyaftin Clapperton, da ya zo Zariya a 1826, ya tarar da gonaki da fadamu da dogayen itatuwa duk a cikin ganuwa. A irin waɗannan filaye ne samari da 'yan mata suke wasanninsu, kuma yau gine-gine sun cinye mafi yawansu.

Makasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin hannuwan da riƙon filin wasa ya ratsa a wannan birni, tun daga mai unguwa har zuwa gwamna. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, duk lokacin da aka sake tsarin mulkin ƙasa, sai mai ikon fili ya ƙara nisa da masu wasa a cikinsa, filin kuwa yana ƙanƙancewa gwargwadon wannan nisa.

Hurumi da dandali kafin zuwan Turawa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai ƙasar da ba ta mutum ɗaya ba ce. Sunan da ya ba ta shi ne hurumi, kalmar da ta samo asali daga Larabci. A fiƙihun Malikiyya, kowane gari yana da hurumin da mutanensa suke kiwo da yin itace a cikinsa, kuma ba a yarda wani ya killace shi don amfanin kansa ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta littafi musamman a kan hukuncin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Saboda haka a masarautun da suka bi Sakkwato, har da Zazzau, sarki mai riƙon amanar ƙasa ne, masu unguwanni da dagatai kuwa su ne idanunsa a kanta. Makiyaya da burtali da maƙabarta da filin idi da kasuwa duk suna cikin abin da ba a rabawa.

Dandali ƙaramin misali ne na wannan tsari. Fili ne a tsakiyar unguwa ko a gefenta, galibi kusa da wata babbar bishiya, inda ake taruwa da dare, musamman idan akwai farin wata. A nan 'yan mata suke gaɗa, samari su yi langa da kokawa, makaɗa su kawo kalangu. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai a buɗe fagen dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, shi ya sa Sarkin Pawa yake da baki a cikinsa. Sukuwar dawaki kuwa tana da nata wurin, watau ƙofar fada, inda mahaya suke yi wa sarki jafi ranar hawan salla.

Abin lura shi ne yadda ake riƙon dandali. Mai unguwa ya san iyakarsa, kuma dattawan da suke zaune a kewayensa shaidu ne, don haka wanda ya matso da dangarsa ko taku ɗaya, kafin rana ta faɗi magana ta kai zaure. Samari suna da shugabansu, Sarkin Samari, tare da 'yan majalisarsa masu sarautu irin na fada, 'yan mata su ma da tasu shugabar. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954 daga bakin wata dattijuwa da ta rayu a ƙasar Kano da ta Zazzau, ya bayyana irin waɗannan ƙungiyoyi na yara da sarautunsu. Su ne suke share fili, su tara abin sallamar makaɗa, su raba faɗa, su hukunta wanda ya yi rashin kunya. Aikin kuwa na gayya ne, kamar yadda ake gyaran ganuwa bayan damina. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba, amma mai iko da fili da mai gyara shi da mai wasa a cikinsa duk maƙwabtan juna ne, suna haɗuwa a masallaci ɗaya.

Zamanin Turawa da En'e

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902. A 1910 suka kafa dokar ƙasa ta Arewa, wadda aka sabunta a 1916, inda aka ce dukkan ƙasa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. A cikin ganuwa ba a ga bambanci nan da nan ba, domin an bar wa sarki da En'e rabon filaye bisa al'ada. Canjin ya faru ne a bayan gari. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu, Tudun Wada ta biyo baya, aka kuma keɓe unguwar Turawa. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a, wai don gudun zazzaɓi, kuma a garuruwa da dama irin wannan fili ne aka mayar wurin sukuwa da ƙwallon dawaki.

Da haka sabon nau'in filin wasa ya shigo ƙasar Hausa, watau filin kulob. Wannan fili an auna shi, an sa shi a taswira, yana da takarda, yana da kwamiti da sakatare da littafin kuɗi, 'yan kulob suna biyan kuɗin shekara, ana ɗaukar leburori masu yankan ciyawa. Sai dai ba kowa yake shiga ba. Sarakuna sun karɓi wasan, musamman a Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya rungumi ƙwallon dawaki, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a cikinta ƙwarai, amma talaka ɗan kallo ne daga gefe.

Nau'i na biyu shi ne filin makaranta. Kwalejin Katsina, inda wasan kurket da ƙwallon bango da ake bugawa da tafin hannu suka kafu a shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ta dawo Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Makarantar Midil ta Zariya, wadda ta zama Kwalejin Alhudahuda, da makarantun elemantare na En'e, duk an yanka musu filaye. Ta wannan hanya ƙwallon ƙafa ta shiga birni, har ta rinjayi langa da kokawa a zukatan samari. Ƙwallo kuwa tana da nata sharaɗi. Fagen dambe da'ira ce da 'yan kallo suke yi da jikinsu, ko'ina aka samu ya isa, amma cikakken filin ƙwallo yana bukatar kimanin mita 100 a tsawo da fiye da mita 60 a faɗi. Ke nan an ƙara bukatar fili a daidai lokacin da jama'a suka fara yawa.

Darasin wannan zamani a fili yake. Filayen da aka yi wa takarda sun daɗe. Filin sukuwa na Kaduna shi ne ya zama Dandalin Murtala, inda aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, na Kano ma yana nan da sunansa. Dandalin unguwa kuwa, da yake ba a taɓa auna shi ba, a idon ma'aikacin safiyo fili ne kawai wanda ba kowa a kai.

Ƙananan hukumomi da dokar 1978

Bayan samun 'yanci, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar mallakar ƙasa ta 1962, wadda ta bi sawun ta Turawa, ta mayar da ikon ga minista. Hankalin gwamnati a fannin wasanni ya koma ga manyan filaye, kamar Filin Wasa na Ahmadu Bello da aka buɗe a Kaduna a 1964. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aka rushe tsarin En'e, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Sa'an nan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Ƙasar da aka ayyana a matsayin ta birni, gwamna ne yake ba da takardar mallakarta, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma.

A nan ne matsalar da ake fama da ita ta samo tushe. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, alhali ikon ƙasar birni yana wurin gwamna. Watau wanda aka ɗora wa shara da gyara ba shi ne mai takarda ba, mai takarda kuma yana Kaduna, bai san filin ba sai a taswira. Mai unguwa, wanda ya san iyakar tun kakanni, doka ba ta ba shi wani iko ba. Samarin da suke buga ƙwallo kullum da yamma kuwa, ko sunansu babu a fayil.

Yadda fili yake salwanta a irin wannan hali sananne ne. Da farko a fara zuba shara a gefe ɗaya, sai masu gini su haƙi ƙasa a wani gefen, damina ta mayar da ramin kududdufi. Idan yara suka ƙaurace wa wannan ɓangare, sai a ce ai ba a amfani da shi, wani ya sa harsashi. Haka ita kanta ganuwa ta sha, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Makarantu ma da suka ga ana cin filayensu sai suka yi katanga, wadda ta tsare fili, ta kuma rufe wa 'yan unguwa hanya. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan hukuma, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai zuba shara da mai sayen fegi duk 'yan unguwa ne.

Abin da aka gani a waɗansu wurare

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanya dabam. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta ba su ayyukan gayya a unguwanni da ƙauyuka. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi, aka kuma gina filayen kokawa a manyan garuruwa kamar Maraɗi da Damagaram. Ko da yake gwamnatin soja ta yi amfani da samariya don tallata manufofinta, duk da haka tsarin ya nuna cewa ana iya ba wasan gargajiya fili na dindindin, a kuma ba samari matsayi sananne.

Masana tattalin arziki ma sun yi muhawara a kan wannan batu. A 1968 Garrett Hardin ya yi iƙirarin cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ƙarshensa lalacewa, sai dai a sayar da shi ko gwamnati ta karɓe. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta nazarci makiyaya da dazuzzuka da hanyoyin ban ruwa a ƙasashe da dama, ta gano cewa kayan tarayya suna daɗewa idan iyakarsu sananniya ce, masu amfani da su suna da hannu wajen tsara ƙa'idoji, akwai masu sa ido da hukunci daidai laifi, kuma hukuma ta amince da 'yancinsu na shirya kansu. Wanda ya san tsohon dandali zai ga cewa kusan duk waɗannan sharuɗɗa sun taɓa cika a cikinsa. Abin da ya rasa da zamani ya juya shi ne amincewar doka a rubuce.

Kammalawa

Ba za a iya komawa zamanin Sarkin Samari ba, kuma tsarin kulob, mai hana talaka shiga, bai dace da unguwa ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa amfanin biyun. Duk filin da ya saura a cikin ganuwa ko a bayanta ya kamata a auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka a gaban mai unguwa da dattawa, a yi masa rajista a hukumar filaye ta jiha, KADGIS, da sunan filin wasan jama'a, yadda ba za a sauya amfaninsa a ɓoye ba. Riƙonsa na yau da kullum kuwa a ba kwamitin unguwa, wanda zai ƙunshi wakilan ƙungiyoyin ƙwallo da malaman makaranta da mata da wakilin ƙaramar hukuma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamitin shi zai raba lokaci tsakanin manya da yara, ya tsara ranar gayya, ya karɓi kuɗin haya idan an yi biki ko gasa, ya karanta lissafin a bainar jama'a kowace shekara. Haka kuma ana iya yin yarjejeniya a rubuce da makarantu, a riƙa buɗe filayensu bayan an tashi.

Ma'aikacin da fayil ɗin neman fegi ya zo teburinsa, kafin ya rubuta cewa fili ne wanda ba kowa, ya kamata ya je wurin bayan la'asar ya gani da idonsa. Waɗanda suka gina ganuwar Zazzau sun bar fili a cikinta saboda waɗanda ba a haifa ba tukuna, kuma abin da ya saura daga wannan fili, a Ƙofar Kuyambana da sauran ƙofofi, amana ce a hannun mutanen yau.