Hutun Ibada: Daga Zamanin Fatake Zuwa Zamanin Albashi



Kakanninmu da suka sauko Lafiyar Barebari da fatauci ba su san wani abu wai shi neman izinin zuwa masallaci ba. Falke shi ne ubangidan kansa. Da ladan ya yi kira ranar Juma'a sai ya lulluɓe hajarsa da tabarma ya tafi, in an sallame ya dawo ya ci gaba da ciniki. Haka Suratul Jumu'a ta koyar, a bar saye da sayarwa in an kira salla, in an idar a watsu neman halak ɗin Allah. Ke nan addini bai nemi yini sukutum ba, awa ɗaya ce zuwa biyu.

Aikin albashi ne ya zo da matsalar. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka ɗora ofisoshinsu a kan makon Ingila, inda Lahadi ce ranar hutu. Tun daga nan agogon ofis ya shiga tsakanin ma'aikaci da ladan.

Sannu a hankali doka ta gyara wani ɓangare. Dokar ranakun hutu ta 1979 ta jera Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi tare da Kirsimeti da Ista, Ministan Cikin Gida kuma shi ke sanar da ranakun. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin yin addininsa. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin bakwai, da hutun awa ɗaya in aikinsa ya kai awa shida. Amma fa ba ta ambaci Juma'a da suna ba.

Ba mu kaɗai muka sha wannan lissafi ba. A Gambiya, Yahya Jammeh ya mai da Juma'a ranar hutu a 2013, Adama Barrow ya dawo da ita rabin yini a 2017. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma rabin yini ta koma a 2022.

Mu nan abin ya iso ƙofarmu sosai ne a 1996, da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedikwata. 'Ya'yanmu suka shiga ma'aikatu da bankuna da gidajen mai. Na gwamnati suna da sauƙi. Wanda ke hannun ɗan kasuwa kuwa, Juma'arsa tana bakin ubangidansa. Shawararmu ga matasa, a yi maganar salla tun ranar ɗaukar aiki, a roƙi a sa hutun awa ɗayan nan daidai lokacin Juma'a, in an sallame kuma a koma kan aiki ba tare da tsayawa hira ba.

Mu 'yan kasuwa kuma, iyayen gidan nan ai har da mu. Mu nawa ne ke tafiya masallaci mu bar yaron shago yana gadi, alhali Juma'ar ta hau kansa kamar yadda ta hau kanmu? A ja ƙofa a sa kwaɗo, ciniki ba zai gudu ba. Yaro Kirista da ke hannunmu shi ma a sake shi ranar Lahadi ya je coci, kada a zaftare masa ko sisi. Abin da muke nema a ofisoshin wasu, mu fara bayar da shi a shagunanmu.

Allah Ya sa mu dace, amin.