Daga Fijo 504 Zuwa Wutar Cek Injin

'Yan uwa, a Kano ko Maraɗi idan aka ce mota "'yar Kwatano ce", ba sunan gari kawai ake faɗa ba. Ana nufin ta sha hannu a Turai, amma da sauran ƙarfinta. Wannan suna iyayenmu na Zango da Ganhi suka bar mana. A wannan biki ya kamata mu tuna yadda wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa a gaban direba ta kusa zubar mana da shi.

An buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, kamfanin Fijo na Kaduna kuma ya fara aiki a 1975. A zamanin 504 da kabireta, bakanike da kunne yake gane ciwon mota, dillali kuma da launin hayaƙin salansa. Da naira ta karye a shekarun 1980, sabuwar mota ta gagari talaka, sai tsofaffin motocin Beljiyam da Jamus suka yi ta sauka a nan. Da suka cika tasha, aka mayar da filayen mota Sekandji da Ekpe, kan hanyar Porto-Novo. Mu kuwa muna kora su ta Parakou da Malanville da Gaya zuwa arewa.

Ba mu ankara ba, motocin suka sauya. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa motoci kwamfutar da ke lura da hayaƙi, wato OBD-II. Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001, masu gas kuma a 2004. Cikin abubuwan da kwamfutar ke sa wa ido akwai bawul ɗin EGR. Aikinsa shi ne mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin injin, don ya rage zafin ƙonewar mai, gubar da ke fita ta ragu. Amma hayaƙi da kunkunniya yake tafe. Gosulon Dantokpa, da gurɓataccen mai, da daɗewa ba a yi juyen baƙin mai ba, duk suna ƙara ta har hanyar ta toshe. Mota ta riƙa rawa a silo, ta rasa ƙarfi, wutar cek injin ta kama.

Nan ne wasunmu suka yi abin kunya, gara mu faɗa da bakinmu. Wani ya cire ƙwan wutar, wani ya cire kan batir don ta ɗauke kafin mai saye ya iso, wani ya sa falle ya toshe bawul ɗin. Ramin ƙarya ƙurarre ne: kafin a haye gadar Malanville wutar ta dawo, ko motar ta kasa hawan tudu. Mai saye bai san sunan wanda ya cuce shi ba, 'yan Kwatano kawai yake zagi.

Da wahala muka koyi karatun lambobin, bayan yaranmu sun fara jona na'ura a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. P0401 na nufin hayaƙin da ke komawa ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 kuma matsalar waya ce ko lantarkin bawul. Babban darasin shi ne lamba alama ce, ba hukunci ba. Sau da yawa P0401 ba mutuwar bawul ba ce; toshewar hanya ce, ko tsagewar tiyon iska, ko sensa. Wankewa ta wadatar, alhali da can sabon bawul muke saye. Mun kuma koyi murɗa makulli kafin tayar da mota: idan wutar ba ta kama ba sam, an taɓa ta.

Kasuwar kuma ƙara tsukewa take yi. Najeriya ta hana shigar da mota ta kan iyakar ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu da matakin hayaƙi na Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. A 2023 iyakar Nijar ma ta rufe.

Buɗe iyaka ba a hannunmu yake ba, amma amana tana hannunmu. Matasan ƙungiya, kada ku sayar da mota sai kun jona mata na'ura a gaban mai saye, ku faɗa masa aibinta, ku rage masa kuɗin gyara. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a cinikinmu.