Gandun kakana a kan tabarmar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa mallakar shago ba. Tabarma ɗaya gare shi da akwatunan ƙarfe biyu, a gefen Babbar Kasuwar Yamai, yana baje tsofaffin littattafai da hantsi, ya tattara kafin magariba. Mai saye sai ya tsuguna ya zaɓa. A wurinsa na sauka a 1978, da na baro ƙauyenmu na kwarin Gulbin Maraɗi na zo ci gaba da lakwal, kuma duk ranar da babu karatu ni ne mai kaɗe ƙura.

Cinikinsa na gaske a watan Oktoba yake, lokacin komawa lakwal: littafin lissafi, nahawun Faransanci, ƙamus wanda bangonsa ya ɓalle. Sauran kayan daga gidajen Turawa ma'aikata suke fitowa. In wa'adin mutum ya cika zai koma gida, sai kuku ko mai gadi ya kawo wa Kawu kwali guda, a yi ciniki a dunƙule ba tare da an buɗe ba. A ƙasan irin waɗannan kwalaye ake samun littattafan da ba mai taya su, kuma su ne na karanta.

Na farko shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya, daga ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zariya, wadda ta zauna da wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, a Giwa cikin 1949 da 1950, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga zamanin rinji da hare-haren masu kamun bayi har zuwan Turawa. An buga shi da Ingilishi a 1954, bayan rasuwarta, aka juya shi zuwa Faransanci a 1969. Wannan na Faransancin ne ya faɗo hannuna. Ina karantawa ina mayar da kowace jimla Hausa a zuciyata, sai na riƙa jin muryar kakata: gandu da gayauna, kai wa maza abinci gona, ƙawance, goyon ɗan ƴar'uwa, zaman kishiyoyi. Maganar tsohuwar nan ta fita daga Hausa, ta ƙetare teku, ta ratsa harsuna biyu, kafin ta iso wurin ɗan Bahaushe a bakin kasuwa. Abin ya faranta mini rai, ya kuma dame ni, har yau bai daina ba.

Na biyu ya fi kusa da gida. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana yawo a ƙasar Maraɗi da Tibiri, ya fitar da babban littafinsa a 1975, mai kaurin da za a iya tokare ƙofa da shi. A ciki na tarar da abin da a gidanmu ba a faɗa sai da murya ƙasa-ƙasa, wato dangogin Anna, waɗanda suka riga sarakuna zama a kwarin, kowane dangi da gadonsa: waɗannan noma, waɗancan farauta, wasu ƙira, wasu ruwa da su. Ya yi bayanin buɗin daji, ya yi bayanin bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu na hatsi yake tara jama'a ya rabar da dukiyarsa, a naɗa shi Sarkin Noma. Kakan mahaifina Sarkin Noma ne. Na san wannan tun ina yaro, amma ban san da me aka sayi sunan ba sai a kan tabarmar Kawu. Da na je hutu na tambayi mahaifina, ya yi shiru, sannan ya ce: "Wa ya gaya maka?" Na ce takarda. Daren nan ya kai ni bayan rumbuna ya nuna mini inda aka jera dammunan, ya lissafa mini gonakin gandu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka sayar a yunwar 1973.

Ba na cikin masu cewa ƴan ƙasa ba su rubuta kome ba. Boubou Hama, ɗan Foneko da ke ƙasar Tera, ya rubuta tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968. André Salifou ya yi na Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya yi na Adar a 1975. Aiki ne mai nauyi, ni ma da su na koyar shekara da shekaru. Sai dai yawancinsa labarin gidan sarauta ne, kuma da dalili. Sarki yana da maroƙa masu riƙe masa jerin kakanni, yana da malaman fada. Kowane yaro a Maraɗi ya san Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore. Manomi kuwa tarihinsa a warwatse yake: a sunan rijiya, a gindin kukar da aka fara sauka, a layin gamba da ya raba gona da gona, a tsagar fuska, a wasan da ke tsakanin dangi da dangi. Shekarunsa ma da yunwa yake ƙirga su. Tsofaffinmu ba sa cewa 1914, Kakalaba suke cewa, kamar yadda tsararmu ke kiran ta 1984 da El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Boureima Alpha Gado ne ya bi sawun waɗannan sunaye a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel, a 1993, kuma a ganina ya fi kowa kusantar bakin rumbu.

Akwai wani littafi da ya shekara uku a akwatin Kawu. Da Ingilishi yake, cike da hotunan yadudduka masu ratsi-ratsi, kowane da suna a ƙarƙashinsa. Kawu ya ɗauka na teloli ne. Da na fara tsintar Ingilishi sai na gane tarihin dangogin tsaunukan Sikotilan ne, arewacin Birtaniya, ratsin yadin kuma shi ne kamar tsagarsu. Kalmar da suke kiran dangi da ita, a harshensu na Gelik, ma'anarta ƴaƴa. "Mac" da ke gaban sunayensu kuwa "ɗan" ne, kamar namu. Makiyaya ne da ƙananan manoma, masu zama a ƙasar shugaban danginsu. Bayan an murƙushe su a yaƙin Culloden a 1746, aka hana su sa tufafinsu na gado har 1782, sannan shugabannin nasu suka rikiɗe suka zama masu karɓar kuɗin haya. Da suka ga tumaki sun fi mutane riba, sai aka tashi ƙauyuka ɗungurungum. A kwarin Strathnaver, cikin 1814 da 1819, har wuta aka sa wa gidaje. Da yawa suka ƙare a Kanada da Amurka da Ostareliya, kuma jikokinsu ne ke sayen irin wannan littafi suna neman sunan kwarin kakanninsu.

Mutanen Sikotilan ba baƙinmu ba ne ƙwarai. Mungo Park, ɗan manomi ne daga can, ya bi kogin Kwara a kwalekwale ta gaban inda Yamai take yau, ya mutu a Busa a 1806. Clapperton ma mutuminsu ne, a Sakkwato ya rasu a 1827.

Abin da na fi yi musu sha'awa daga baya na same shi. A 1790 wani mai ƙasa, John Sinclair, ya aika wa limaman coci na gundumomi 938 tambayoyi 160: me ake shukawa, yaushe, da wane kayan aiki, nawa ne ladan ɗan ƙwadago, wace shekara aka yi yunwa. Amsoshin suka fito cikin juzu'i 21 tsakanin 1791 da 1799. Sinclair ba waliyyi ba ne, yana cikin waɗanda suka kai sabon irin tumakin arewa. Amma saboda wannan aiki, ƙauyen da aka tashe ma an san abin da ya noma. Mu kuwa babu ƙauyen da ba shi da liman ko malamin allo mai iya ajami. Da an taɓa aika musu tambaya goma kawai, wa ya sari dajin nan, wa ya gina rijiya, wane irin gero kuke shukawa, da yau muna da abin da ya fi na Nicolas da na Polly Hill, wadda ta rubuta na Batagarawa kusa da Katsina a 1972. Kuma ba maganar sha'awa ba ce kurum. Tun da aka kafa dokar ƙasar karkara a 1993, na ga shari'ar gona fiye da ɗaya da ta tsaya a kan tambayar wa ya fara sara, alhali tsohon da ya sani yana kabari.

A 1982, shekarar da Boubou Hama ya rasu, gobara ta cinye Babbar Kasuwa. Akwatunan Kawu suna ajiye a rumfar wani abokinsa mai sayar da yadi. Ƙarfen ya tsira, abin da ke ciki ya zama toka. Littafin Baba ne kaɗai ya kuɓuta, don yana ƙarƙashin matashina. Da aka buɗe sabon ginin a 1987, mai dogayen katangu da manyan ƙofofi, Kawu bai koma ba. Ya riga ya tafi gida ya ɗauki hauya, a can ya rasu.

Bara na je Yamai ganin likita, na biya ta kasuwar. Masu littattafan ƙasa suna nan, samari ne yanzu, kayansu na jarrabawa da na addini. Na tambayi ɗaya ko yana da wani abu a kan noma ko tarihin ƙauyuka. Ya ce: "Baba, irin waɗannan sai an dace, amma ka bar mini lambarka." Na bar masa. Na sayi kaye uku masu shafi ɗari biyu da biro, na hau motar Maraɗi. Akwai wata gwaggona a ƙauye da ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage da ta san sunayen gonakin nan duka. Mun cika kaye ɗaya da rabi, da Hausa, kuma mun tsaya a kan rijiyar da kakanta ya gina.